Yadda Ake Tafiyar da Ruwa a Tankin Tarwada: Jagora ga Mai Farawa a Zangon Kumasi

Wanda ya ƙudurta kiwon tarwada a bayan gida yakan fara da tambayoyi biyu: ina zan samu 'ya'yan kifi masu kyau, kuma nawa ne buhun abinci? Tambayar da ta kamata ta riga su ita ce: ta ina ruwa zai shiga tankin, ta ina zai fita, kuma me zai ɗauka ya fita da shi? Kasuwa dai akwai ta. Ƙyafaffiyar tarwada, wadda mutanen Asante ke kira adwene, ba ta kwantai a Kejetia ko Asafo, ga kuma masu gasa kifi da daddare. Amma tsakanin ɗan kifi mai tsawon yatsa da tarwada mai kilo guda akwai wata biyar ko shida, kuma a duk tsawon watannin nan kifin yana ci, yana numfashi, yana kashi a cikin ruwa guda. A gidajenmu na Aboabo, Asawase, Sawaba ko Sabon Zango, inda fili ya yi kaɗan, ruwan famfo ke zuwa yana ɗaukewa, wutar lantarki ma haka, wanda bai tsara tafiyar ruwansa tun farko ba zai yi ta zuba abinci yana kwashe gawa.

Me ya sa dole ruwa ya motsa

Abu uku ruwa mai tafiya ke yi wa kifi: yana kawo iska, yana wanke guba, yana share datti.

Iskar da ke narke a ruwa ba ta da yawa ko kaɗan. A zafin digiri 25, lita ɗaya ta ruwa ba ta riƙe fiye da miligiram 8 da ɗan ɗori na oksijin. Idan zafi ya kai digiri 30 sai ta sauko wajen 7.5. Ta saman ruwa iskar ta fi shiga, inda ruwa ya haɗu da sarari. Idan ruwan saman bai gangara ƙasa ba, na ƙasa bai hau sama ba, to gindin tanki ya zama wurin da babu numfashi. Tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi, ya isa misali. Ba shi da mafita, zurfinsa ya haura mita 70, kuma ruwan can ƙasa ba shi da iska. A shekarun da sanyi ya sa ruwan ya juye, na ƙasa ya taso, akan ga kifaye sun taso sama a galabaice ko a mace. Abin da ke faruwa a tafkin nan a tsawon shekara yana iya faruwa a tankinka cikin kwana biyu.

Tarwada tana da wata baiwa da ke ruɗar masu farawa. Bayan jajayen tsokar numfashi da ke ƙarƙashin murfin kumatunta, tana da wata gaɓa mai rassa da take shaƙar iskar sarari da ita. Shi ya sa take rayuwa a ruwan da karfasa ba za ta kwana a ciki ba. Sai mutum ya ga ba ta mutu ba, ya ɗauka lafiya lau take. Rayuwa daban, girma daban. Tarwadar da ke fama da gurɓataccen ruwa tana rage ci, wanda ta ci ma ba ya zama nama, fatarta tana yin gyambo. 'Ya'yan da aka ƙyanƙyashe kuwa, kafin gaɓar nan ta fito musu, da iskar cikin ruwa kaɗai suke rayuwa.

Gubar ita ce ammoniya. Kifi na fitar da ita ta tsokar numfashinsa, ba a ganinta da ido. Lissafin da masu kiwo ke amfani da shi shi ne, kowane kilo na abinci yana barin gram 30 ko fiye na ammoniya a ruwa. Ɗauki tarwada 100 da suka kusa kilo ɗaya-ɗaya, suna cin kilo 1.5 a rana a cikin lita 2,500 na ruwa. Gram 45 ke nan a rana, wato miligiram 18 a kowace lita. Ba dukanta ke cutarwa ba. Kason da ke ƙona kifi ya danganta ga ma'aunin pH na ruwan, wato awon tsaminsa. A pH 7 bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a pH 8 ya ninka kusan sau goma. Masu bincike a ƙasar Holan sun nuna a 2010 cewa bai kamata wannan kaso mai guba ya wuce miligiram 0.34 a lita ba a ruwan tarwada. A misalinmu, ammoniyar yini guda a pH 7 tana ƙasa da iyakar. A pH 8 ta ninka iyakar sau uku. Ruwa ɗaya, kifi ɗaya, abinci ɗaya, amma sakamako ya sha bamban.

Na uku shi ne kashin kifi da ragowar abinci. Idan suka kwanta a ƙasa suka ruɓe, suna cinye iskar ruwan, su ƙara ammoniya, su haifar da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwa ba ya tsami banza. Duk dabarar da za ta biyo baya manufarta ɗaya ce: dattin nan ya bar tanki kafin ya narke.

San yawan ruwanka da nauyinsa

Kada ka sayi inji ko bututu kafin ka san lita nawa kake da ita. Idan tankin mai kusurwa huɗu ne, ninka tsawo da faɗi da zurfin ruwa, duk da mita, sannan ka ninka da 1,000. Mita 3 da mita 2 da zurfin santimita 80 ya ba da lita 4,800. Idan zagayayye ne, raba faɗinsa biyu, ninka abin da ka samu da kansa, ninka da 3.14, sannan da zurfin ruwa, sannan da 1,000. Tankin tamfol mai faɗin mita 2 da ruwa santimita 80 yana ɗaukar kimanin lita 2,500.

Lita 1,000 ta ruwa tan guda ce. Tankin nan na mita biyu ya kai tan biyu da rabi. Kada a ɗora shi a kan bene ko kan ramin masai, kuma kada a jingina shi da bangon maƙwabci. Ƙasa za a daidaita a daddaɓe, a shimfiɗa yashi mai laushi idan tamfol ne. Ƙarafunan da za su riƙe tamfol, masu walda na Suame Magazine za su haɗa maka su daidai da awon da ka kai musu.

A zagayen farko kada ka wuce tarwada 40 a kowace lita 1,000. Za ka ji ana cewa a Holan, inda aka fara kiwon tarwadar Afirka a tankuna masu juya ruwa tun shekarun 1980, ana tara sama da kilo 200 a lita 1,000. Gaskiya ne, amma da injuna masu tace ruwa dare da rana da wutar da ba ta ɗaukewa.

Ruwan da za ka zuba

Ruwan famfon Kumasi daga madatsun Barekese da Owabi yake zuwa, kuma an sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta. Kulorin na ƙona tsokar numfashin kifi. Tara ruwan a buɗaɗɗen tanki ya kwana ɗaya ko biyu, zai fi kyau idan ana hura masa iska, kafin ya shiga wurin kifi.

Ruwan rijiya da na burtsatse ba su da kulorin, amma suna fitowa da ƙarancin iska, wani da ƙarfe a ciki, wanda za ka gane idan ruwa ya fito garau ya koma ja bayan ya jima a bokiti. Rijiyoyin yankin Kumasi da yawa ruwansu na da tsami, ma'auninsu na sauka ƙasa da 6.5. Tarwada ta fi jin daɗi tsakanin 6.5 da 8. Maganin mai sauƙi ne: sayi dakakken ɓawon ƙumba, irin wanda masu abincin kaji ke sayarwa don ƙwai ya yi ƙwari, ka wanke, ka ɗaure a buhun raga ka jefa a tankin ajiya. Yana ɗaga ma'aunin a hankali. Kada ka zuba farar ƙasa ko toka kai tsaye cikin kifi, domin idan ma'aunin ya yi tsalle, ammoniyar da ke kwance ta zama guba nan take.

Ruwan rafin Aboabo, na Subin, da duk ruwan da ya bi ta kwata ko ta wurin haƙar zinariya, kada ya kusanci tankinka. Sabon tankin siminti kuma yana fitar da abin da ke ɗaga pH sosai. Cika shi, bar shi kwanaki, zubar, ka maimaita har sai gwaji ya nuna ya sauko.

Fara da mafita

Mafi yawan tankunan da ke ba masu su wahala an gina su ne da ƙasa a miƙe da ɗan rami a gefe. Ruwa na fita, datti na zaune. Ga yadda ya kamata.

Ƙasan tanki ya gangara zuwa wurin fita, kimanin santimita 3 zuwa 5 a kowace mita. A zagayayyen tanki mafitar a tsakiya take. A mai kusurwa, tana ƙarshen da ke nesa da mashiga, kuma a cike kusurwoyin da siminti su zama masu lanƙwasa, domin a lungu datti ke taruwa. Bututun fita ya fi na shiga faɗi: idan na shiga inci 1 ne, na fita ya zama inci 2 ko 3. Ƙaramin bututu toshewa yake yi da majinar kifi da gansakuka.

Abin da ake so shi ne ruwan ƙasa ya riƙa fita, ba na sama ba. Hanya biyu ce. Ta farko, bututu ya bi ta ƙarƙashin tanki ya fito waje, a sa masa gwiwa, a tsayar da wani bututu a kanta. Tsayin wannan bututun na waje shi ne tsayin ruwan ciki. Kada a manne gwiwar da gam. Idan ka karkatar da bututun sai ruwa ya sauka gwargwadon yadda ka kwantar da shi, idan ka tayar da shi ya tsaya.

Ta biyu, bututu biyu ne a cikin tanki, ɗaya cikin ɗaya. Na ciki mai inci 2, an kafa shi a ramin fita, tsayinsa daidai da inda kake son ruwa ya tsaya. Na waje mai inci 4, ya fi na ciki tsawo da ɗan taƙi, an zura shi a kansa kamar hula. A gindin na wajen, santimita 10 na ƙasa, ka tsattsaga shi da zarto ko ka huhhuda shi, tsagar ta yi ƙanƙantar da kifi ba zai shige ba. Idan sabon ruwa ya shigo, ruwan ƙasa ne zai kutsa ta tsagar, ya hau tsakanin bututun biyu, ya zuba cikin na ciki ya fita, da kashin kifi a tare da shi. Yayin da kifi ke girma sai ka faɗaɗa tsagar.

Mashiga da juyin ruwa

Ruwa ya shigo daga sama, ya faɗo ta sarari. Toshe ƙarshen bututun shiga, ka huda masa ƙananan ramuka a jere, ya riƙa feshi. Ruwan da ya tarwatse kafin ya sauka yana ɗibar iska, yana kuma sakin iskar da ba a so wadda ruwan burtsatse ke zuwa da ita. Bakin bututun ya kasance sama da ruwa ko yaushe. Idan ya nutse, ranar da inji ya tsaya zai zuƙo ruwan tanki ya koma da shi baya.

A zagayayyen tanki, juya ramukan su fuskanci gefen bango, duk ta ɓangare guda, don ruwan ya riƙa kewaya. Idan ka dama shayi a kofi ka cire cokali, za ka ga ganyen ya taru a tsakiyar gindin kofin. Haka ruwa mai kewaya ke tattaro datti ya kai shi bakin mafita da kansa. Wannan ne ya sa zagayayyen tanki ya fi sauƙin tsabta.

Ƙarfin juyin ma da awonsa. Ruwan da ke tafiyar santimita 15 zuwa 30 a daƙiƙa shi ke iya tura datti. Jefa busasshen ganye kusa da bango ka duba agogo. Kewayen tanki mai faɗin mita 2 ya ɗan haura mita 6. Idan ganyen ya zagayo cikin daƙiƙa 30 zuwa 40, ya yi daidai ga manyan kifi. Tarwada ba kifin gudu ba ce, ta fi son kwanciya. Idan ka ga ƙananan kifi sun manne a bango ko ruwa na jan su zuwa mafita, rage. Ga 'ya'yan kifi, motsi kaɗan ya wadatar, sauran dattin ka zuƙe shi da tiyo kowace safiya.

Don gano wuraren da ruwa ba ya kaiwa, watsa ɗan garin dusa a tanki kafin ka zuba kifi, ka zauna ka kalla. Inda dusar ta taru ta ƙi motsi, nan ne datti zai zauna. Gyara fuskar feshin ko ka sa dutsen injin hura iska a wurin.

Bar tazarar santimita 20 zuwa 30 tsakanin ruwa da bakin tanki, ka rufe da raga. Tarwada na tsalle ta nufi inda ruwa ke zubowa, musamman daren da aka yi ruwan sama.

Hanyoyi uku na sabunta ruwa

Ta farko ita ce ragewa da ƙarawa, kuma da ita ya kamata mai farawa ya soma. Lokacin da kifi ke ƙanana, zubar da kashi ɗaya cikin biyar na ruwan duk bayan kwana biyu ya isa. Idan suka girma, sai an kai ga sulusi ko rabi kowace rana. Yi wannan lissafi tun yanzu: rabin lita 2,500 shi ne lita 1,250, wato galan ɗin Kufuor mai lita 25 guda 50 a rana. Wanda ke sayen ruwa galan-galan ba zai fita ba. Sai mai rijiya ko burtsatse, ko wanda ya rage yawan kifinsa.

Canza ruwa da safe ko da yamma, kafin ba da abinci, domin tarwadar da aka tayar wa hankali da cikakken ciki tana amayar da abin da ta ci. Kada bambancin zafin sabon ruwa da tsohon ya wuce digiri 2 ko 3. Baƙin tankin Polytank da ya yini a rana ruwansa na zafi. Taɓa da hannu kafin ka buɗe. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, dare na sanyi, kifi na rage ci. Rage abinci, ka canza ruwa idan rana ta ɗaga. Tarwada ta fi girma tsakanin digiri 26 da 30.

Ta biyu ita ce barin ruwa ya yi ta shiga yana fita a hankali. Kifi ya fi son wannan, amma tana cin ruwa. Ana ɗora tankin ajiya a bisa, inji ya cika shi lokacin da akwai wuta, ruwa ya riƙa gangarowa da kansa ko da an ɗauke. A garin da ya sha dumsor, wato yawan ɗauke wuta, wannan tsari ya fi kowane inji amana.

Ta uku ita ce tace ruwan a mayar da shi. Ruwa ya fita daga ƙasan tanki ya shiga durom mai lita 200 inda zai lafa, datti ya kwanta a zubar da shi ta ƙasa kullum. Daga nan ya wuce durom ɗin da aka cika da murafan robar ruwa ko tsohuwar raga da aka wanke. A jikinsu wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ke zama, suna mayar da ammoniya naitirait, sannan naitiret wanda cutarwarsa kaɗan ce. Sai durom na ƙarshe inda inji yake, ya tura ruwan ya koma. Injin ya zo bayan wurin kwantar da datti. Idan ya riga shi, zai niƙe kashin ya zama ƙura da ba ta kwanciya. A nan ana son duk ruwan tanki ya bi ta wannan matata sau ɗaya a awa ɗaya ko biyu.

Ƙwayoyin nan suna ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin su kafu, saboda haka a makonnin farko ci gaba da canza ruwa. A lokacin naitirait kan hau, ya hana jinin kifi ɗaukar iska. Gishirin Ada, kimanin kilo 1 a lita 1,000, yana rage illarsa. Durom ɗaya ba zai iya da kilo 1.5 na abinci a rana ba, sai biyu ko uku, kuma gwajin ruwa ne zai gaya maka ko sun isa. Kada ka wanke murafan da ruwan famfo. Ɗauraye su da ruwan tanki. Ko da matata, zubar da kashi ɗaya cikin goma kullum.

Zaɓen inji da auna shi

Lambar da aka rubuta a kwalin inji, a ce lita 3,000 a awa, ita ce abin da yake turawa idan ba ya ɗaga ruwa sama ko kaɗan. Kowace mita ta hawa, kowace gwiwa, kowane siririn bututu yana rage ta. A kwalin akwai kuma iyakar tsayin da yake iya kaiwa. A wannan tsayin ruwa ba ya fita sam. Sayi wanda ya fi buƙatarka, ka rage shi da bawul a ɓangaren fita. Kada ka shaƙe ɓangaren da yake zuƙa.

Bayan ka haɗa, auna da kanka. Tara galan mai lita 25 a bakin bututu ka ƙirga daƙiƙoƙin da ya ɗauka ya cika. Raba 90,000 da wannan adadi, ka samu lita a awa. Daƙiƙa 60 na nufin lita 1,500. Daƙiƙa 90 na nufin 1,000. Maimaita duk mako. Idan lokacin ya ƙaru, wani wuri ya fara toshewa.

Injin hura iska da dutsensa ba ya cin wuta sosai, kuma kumfar da ke tashi tana jawo ruwan ƙasa zuwa sama. Akwai masu batir a ciki da ke ci gaba da aiki idan wuta ta ɗauke; ga mai 'ya'yan kifi ko karfasa, wannan dole ne. Ajiye shi sama da ruwa don kada ruwa ya bi tiyo ya shige shi.

Wutar gida a Gana bolt 230 ce, kuma ruwa da wuta ba sa haɗuwa. Mai gyaran wuta ya sa maka na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ta zubo. Soket ya kasance a bisa, a rufe daga ruwan sama. Cire fulogi kafin ka sa hannu a ruwa, kuma ka koya wa yaran gida haka.

Idan wuta ta ɗauke

Daina ba da abinci, shi ne na farko. Tarwada na iya kwana biyu ba ci ba tare da wata illa ba, amma abinci a ruwan da ba ya motsi guba ne. Buɗe mafita ka zubar da ruwan ƙasa, ka ƙara daga tankin ajiya. Ga ƙananan kifi, ɗebi ruwan da bokiti ka riƙa kwararo shi daga sama. Idan matata ta tsaya sa'o'i da yawa, ruwan da ya kwanta a cikinta ya lalace. Zubar da shi waje kafin ka kunna inji.

Abin da za ka duba kowace asuba

Bayan sallar asuba ne lokacin da ya fi, domin a nan iskar ruwa ta fi ƙaranci, musamman idan ruwan ya yi kore. Gansakuka na ba da iska da rana ta cinye ta da dare. Je a hankali, kada inuwarka ta faɗa kan ruwa. Tarwada mai lafiya tana ƙasa, takan taso ta kaɗa baki ta koma da sauri, kuma da ka taɓa bango sai su watse. Idan ka tarar da su a tsaye cikin ruwa, kai sama, wutsiya ƙasa, gashin bakinsu a waje, ba su damu da zuwanka ba, ruwa ya ɓaci. Duba gashin bakin: ya yi fari a ƙarshe ko ya guntule? Akwai kumfar da ba ta fashewa a sama? Karkatar da bututun fita ka tara farin bokiti. Ruwan farko zai fito baƙi, mai kauri. Bar shi ya zuba har ya washe. Idan ya yi warin ruɓaɓɓen ƙwai, datti na kwana a wani wuri da juyin ruwa ba ya kaiwa. A irin wannan rana, ruwa za ka canza, kada ka fara da magani. Sayi kayan gwajin pH da ammoniya da naitirait, ka riƙa rubuta sakamakon a littafi tare da nauyin abincin da ka bayar.

Ga mai sha'awar kifin ado

Ƙa'idar ɗaya ce a akwatin gilashi na falo: matatar da ke juya ruwan sau 4 zuwa 6 a awa, saman ruwa na motsi, babu lungun da ya tsaya. Masu kiwon murjani a ruwan gishiri, a Turai da Amurka da Asiya, su suka fi kowa kula da wannan, domin murjani dabba ce da ke manne wuri ɗaya, ruwa ne ke kawo mata abinci ya ɗauke mata datti. Suna juya ruwan sau 10 zuwa 20 ko fiye a awa, da ƙananan injuna masu fuskantar juna don ya riƙa kai da komo kamar igiyar teku, a ruwa mai gishiri gram 35 a lita da zafin da ba ya wuce digiri 26 da yawa. Tsayawar wuta ta 'yan sa'o'i na iya hallaka komai. Wanda ba shi da batir da wutar hasken rana da za su riƙe injuna dare da rana, ya fara da kifin ruwan daɗi.

Ina ruwan zai tafi

A gidan haya mai ɗakuna da yawa, lita dubu na ruwan kifi kullum ba ƙaramin abu ba ne. Idan ka sake shi a kwatar da shara ta toshe, zai kwanta, ya yi wari, ya tara sauro, ka shiga haƙƙin maƙwabta, 'yan saman-saman, masu duba tsabtar gari, kuma su same ka. Yi magana da mai gida da mutanen gida tun kafin ka kafa tanki. Ruwan kifi taki ne mai kyau: ja shi zuwa kuɓewa, ayoyo, kontomire ko gindin ayaba. Baƙin dattin farko tara shi a rami ya bushe ya zama taki. Abin da ya rage ya shiga ramin tsotse ruwa da aka cika da duwatsu, nesa da rijiya. Idan babu inda ruwan zai tafi, to wurin bai dace da tanki ba, komai kyawunsa.

Kafin ka kawo kifi

Haɗa komai ka bar shi ya yi aiki mako guda babu kifi. Auna injin da galan. Watsa dusa ka ga inda take tsayawa. Cire fulogi ka tsaya ka ga ko wani durom zai yi ambaliya ko tanki zai zuƙe. Mayar da shi ka ga ko komai zai tashi da kansa. Gwada ruwanka da safe da yamma. Ɗauki sakamakon ka je ofishin Hukumar Kamun Kifi a Kumasi, ko cibiyarta ta kiwon kifi da ke Kona-Odumase, ko sashen nazarin kifi na jami'ar KNUST, ka nemi shawara kan irin da za ka saya da yawan da ruwanka zai ɗauka. Idan kuɗinka ba zai isa komai ba, ga jerin fifiko: mafita mai kyau, tankin ajiya a bisa, kayan gwaji, injin iska mai batir. Kifin ya zo a ƙarshe, kuma ya zo kaɗan. Idan ɗari na farko suka kai kasuwa lafiya, littafinka zai nuna maka nawa za ka iya ƙarawa a zagaye na biyu.